Ƙunshin Gali a Dutsen Suda

Duk wanda ya taɓa cin tuwon Juma'a a gidan Hajiya Kyauta, can cikin lungunan Al-Ud a birnin Riyad, ya san Gali. In bai riƙe fuskarsa ba to ya riƙe muryarsa, don tun daga bakin titi ake jiyo ta. Mutumin Gwammaja ne, gajere mai faɗin ƙirji, shekararsa bakwai yana aiki a wani sito a Sulai. Aikin nasa guda ɗaya ne tak: a jera kwalaye a kan katako, shi kuma ya yi ta zagaye su da leda mai danƙo har su zama dunƙule guda. A wannan fanni, tsakani da Allah, babu na biyunsa. Sai dai Gali bai taɓa yin alfahari da abin da ya iya ba. Duk cika bakinsa a kan abin da bai sani ba ne.

A shekarar da farashin mai ya faɗi kamfanoni suka yi ta rufewa, nasu ma ya bi sahu. Aka ce kowa ya nemo kafili, wato sabon maigidan da zai karɓe shi, kafin iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ta mutu, in ba haka ba sai jirgin gida. Ta Gali saura mata wata guda. Abin ya tsorata shi ƙwarai, ga yara huɗu, ga gini ya tsaya a linta, ga shi ya gaya wa matarsa Balaraba da surukansa kaf cewa shi manaja ne. Amma shi tsoro ba ya rage masa murya, ƙara masa ita yake yi.

Wata Juma'a ana tsakiyar cin tuwo sai Mamane ya yi gyaran murya. Mamane direba ne, dogon mutumin Nijar, mai magana kamar sayen kalmomin yake yi. Ya ce likita ya sa maigidansa Abu Turki tafiyar ƙasa saboda ciwon sukari, shi kuma ya ɗauki hawan dutse da zafi. Mako mai zuwa za shi kudu, wajen Abha, ya hau dutsen Suda.

"Shina son jagora mai kula da kaya," in ji Mamane. "In ya gamsu da mutum, zai mai naƙal kafala, ya maida takardunshi ƙarƙashin sunanshi."

Gali ya tsame hannu daga miya. "Dutse ka ce? Mamane, kana zaune da ni kana neman mai hawan dutse? Ni da aka binne cibiyata a gindin Dala?"

Daga bayan labule, inda take zuba tuwo, muryar Hajiya Kyauta ta fito. "Dalan da ake hawa da matakala? Jikata 'yar shekara shida ta hau shi da goyon 'yar tsana."

"Hajiya, matakala ta mata ce da baƙi. Mu ta baya muke hawa, da farce."

"To Allah Ya bar maka farcen."

Zayyanu, wani siririn ɗalibin hadisi da ke zuwa daga jami'a don tuwon nan kawai, ya sa baki a hankali. "Malam Gali, na ji an ce wurin ba kamar nan ba ne. Akwai tsohon daji, akwai sanyi, har ruwa ake yi."

Gali ya yi dariya har da buga cinya. "Sanyi? A Saudiyya? A watan Agusta? Ustazu, karatu ya fara taɓa ka. Leƙa waje ka gani, kwalta ma narkewa take yi. Ƙasa ɗaya ce, rana ɗaya ce, sarki ɗaya ne."

Larabcin Gali bai wuce kalma biyar ba, kuma biyu daga ciki "mafi mushkila" ne, wato ba matsala. Don haka ranar da za a kai shi gidan Abu Turki a Nasim sai aka roƙi Zayyanu ya bi shi ya yi tafinta. Abu Turki dattijo ne mai tumbi da fara'a. Ya dubi Gali sama da ƙasa, ya tambaya ko ya taɓa hawan babban dutse.

"Gaya masa," in ji Gali, "a garinmu akwai dutsen da tsuntsu ke yada zango sau biyu kafin ya kai samansa. Ni kuwa kullum nake hawa kafin karin kumallo."

Zayyanu ya yi ƙasa da murya. "Malam Gali, ni fa ɗalibin hadisi ne. Ba na ɗaukar magana ba isnadi."

"Ni ne isnadin. Fassara!"

Zayyanu ya juya ga dattijon ya ce da Larabci, "Ya ce, kuma alhakin yana wuyansa," sannan ya zayyana masa dutsen da tsuntsun. Tun daga ranar kowace fassara tasa da haka take farawa. Abu Turki ya ce masha Allah, ya ce a zo a gwada, in tafiya ta yi kyau takarda ba ta da wuya.

Gali ya dawo Al-Ud yana tafiya yana buɗa hannuwa, ya sanar da cewa zai fara atisaye. Ya ari buhun shinkafar Hajiya Kyauta, ya saɓa, ya nufi saman benensu mai hawa huɗu, maƙwabta sun fito kallo. Hawa na farko da waƙa ya yi shi. Na biyu da salati. A na uku buhun ya kama wani ƙarfe ya farke, shinkafa ta yi ta gangarowa tsararar har ƙofar gida, wani tela Bapakistane da ke saukowa ya taka ta, ya ƙarasa sauran matakalar a zaune.

"Tsanin ne matsattse," in ji Gali. "Dutse ai fili ne."

Hajiya Kyauta ta aiko masa da tsintsiya da faranti, ta ce tunda da farce yake hawa, ya tsince da farcen.

Abin da Gali ya sani game da fita shan iska a ƙasar nan shi ne kashta, wato yadda mutanen Riyad ke fita sahara ranar hutu. Ya sha bin tsohon maigidansa, ya kuma ga cewa Balarabe bai yarda ya fita ba sai da darduma, da matasai, da butar gahawa, da finjalai, da risho, da itace, da kula cike da ƙanƙara. Wanda ya manta ɗaya daga ciki ya ji kunya. Saboda haka ya tattara duka, ya ƙara da kiret ɗin ƙwai, ya kuma ɗauko manyan naɗin leda guda biyu cikin waɗanda suka rage a sitonsu.

Suka bar Riyad bayan sallar asuba: Mamane a tuƙi, Abu Turki da amininsa, wani tsohon malamin makaranta, sai Zayyanu, sai Gali can baya a cikin kaya. Wuni guda suna tafiya. Da la'asar sakaliya, lokacin da suka ratsa Abha suka bi ta saman dutse, Gali yana ta minshari. Bai farka ba sai da mota ta fara gangara wata hanya mai lanƙwasa kamar hanji. Ya leƙa taga sau ɗaya, ya hangi gidaje can ƙasa kamar akwatunan ashana, nan take ya lulluɓe kansa da tawul.

"Lafiya, Malam Gali?" in ji Zayyanu.

"Wuridi nake yi. Kada a dame ni."

Bai cire tawul ɗin ba sai da suka sauka wani ƙauye a gindin dutsen, inda suka kwana. Don haka duk motar shi kaɗai da Zayyanu, wanda kansa ke cikin littafi, ba su ga abin da ke saman ba.

Da safe zafi ya tashi da wuri, mai ɗanɗanon gumi. Gali ya dubi Zayyanu ya ce, "Ina sanyin naka, Ustazu?" Dattijan biyu suka miƙa masa rigunansu na sanyi da gorunan ruwa da 'yar wuƙar yanka lemo, suka ɗauki sanduna suka ce za su fara gaba a hankali, ya cim musu. Zayyanu ma ya ba da tasa rigar ya bi su.

Nan fa Gali ya samu fili. Ya shimfiɗa darduma, ya jera komai a kai yadda ake jera kaya a sito: mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a tsakiya, riguna a cusa a kowane saƙo. Ruwa ya shiga, wuƙa ta shiga. Ya kama leda ya fara zagaye.

Mamane yana jingine da mota yana kallo. "Gali, wagga kaya hwa, ai mota..."

"Kai dai sitiyari ka sani. Goma sha ɗaya, sha biyu."

"Ina nuhin hanya ta..."

"Mamane, na taɓa koya maka canza giya? Ashirin da uku."

"To ko wuƙar ka..."

"Arba'in!" Gali ya tsinke ledar, ya shafe bakinta da tafin hannu har ta ɓace, ya daki ƙunshin ya yi ƙara kamar ganga. Mamane ya ɗaga kafaɗa, ya koma inuwa ya kwanta. Gali ya ɗaura wa ƙunshin igiya, ya goya shi, ya rataye sauran ledar a ƙugu. Daga baya in ka hango shi ba ka ganin mutum, sai wani ƙaton farin dunƙule mai gajerun ƙafafu biyu.

Da ya cim musu, Abu Turki ya tsaya baki buɗe. "Esh haza, ya Gali?" Wato mene ne wannan.

"Mafi mushkila, Baba! Ustazu, gaya masa haka muke yi a garinmu. Nauyi shi ke hana iska ɗaukar mutum."

"Ya ce, kuma alhakin yana wuyansa," in ji Zayyanu.

Malamin makarantar ya ce ai kowace sana'a da sirrinta. Babu wanda ya ga dalilin gaya wa jagora abin da ke saman dutsen da yake jagoranta.

Sa'a ta farko Gali ne a gaba, yana ba su labarin yadda ya taɓa riƙe kura da hannu ɗaya a bayan Dala. A ta biyu labari ya koma nishi. Hanyar ta miƙe tsaye, ta ƙuntace, duwatsu suna sulɓewa ƙarƙashin takalminsa na sito mai ƙarfe a baki. Dattijo mai ciwon sukari ya wuce shi. Malamin makaranta ya wuce shi. Zayyanu ya wuce shi yana karatu a ka.

"Jagora na gari a baya yake tsayawa," Gali ya ɗaga murya. "Don ya ga wanda ya faɗi."

Suka shiga dajin. Itatuwan ar'ar ne tsofaffi, masu murɗaɗɗen jiki, wani farin gashi yana reto daga rassansu kamar gemun dattijai, ƙasa duk laushi da ƙamshi. Abu Turki ya tsaya yana tasbihi. Gali kuwa bai ga komai ba, domin ƙunshinsa ya maƙale tsakanin itatuwa biyu, ƙafafunsa sun bar ƙasa suna ta tuƙa iska. Sai da mutum uku suka taru suka tura shi ta baya, ya fice fit, ya ci da baki.

"Na auna faɗin hanyar ne," ya ce yana tofar da ganye.

Abu Turki ya zauna a kan wata saiwa yana haki, ya miƙa hannu. "Moya, ya Gali."

Ruwa. Gali ya sauke ƙunshin ya fara neman bakin ledar. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu. Shekara bakwai yana koyon yadda ake ɓatar da bakin leda, yau ga shi ya ci jarrabawa. Ya sa farcen da ake hawan Dala da shi, farce ya karye.

"A kawo wuƙa," ya ce da isa.

"Tana ina?" in ji Zayyanu.

Gali ya dubi ƙunshin. Zayyanu ya dubi ƙunshin. Dattijan ma, ba tare da an fassara musu ba, suka dubi ƙunshin. Gali ya durƙusa ya sa haƙori, ya yi ta gurgura kamar ɓera ya samu randa, har dasashinsa ya yi jini, bai wuce zagaye biyu ba. Ya ɗauki dutse mai kaifi, leda ta lotsa ta dawo. Ƙarshe dai wani ɗan ruwa da ke tsattsafowa daga jikin dutse suka tara da hannu suka sha.

Ba su yi nisa ba sai rana ta ɓace. Gajimare ya sauko ya shiga cikin itatuwa har mutum ba ya ganin na gabansa. Wata iska ta taso mai ratsa ƙashi, yayyafi ya biyo ta, sai ga ƙanƙara ƙanana tana dukan ƙunshin Gali, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Malam Gali," in ji Zayyanu, haƙoransa suna haɗuwa, "ƙasa ɗaya, rana ɗaya."

Abu Turki ya rungume jikinsa, farar rigarsa ta manne da tumbi. Ya tambayi rigunan sanyi. Kowa ya sake duban ƙunshin. Fara'ar dattijon ta ɗauke gaba ɗaya. Ya yi wata doguwar magana da sauri, ya juya ya kama hawa.

"Me ya ce?" in ji Gali.

"Ya ce in ya tsaya zai daskare, ka taho da kayanka. Sauran maganar ba ta fassaruwa da alwala."

Gali ya rage shi kaɗai a cikin gajimare. Ya ja jiki ya ja jiki, har ya kai wata 'yar baranda a gefen dutse, ya sauke ƙunshin don ya huta. Yana ɗaga kai ya ga gwaggon biri guda ɗaya, tsoho, ramamme, zaune a kan dutse yana kallonsa kamar ya san shi a wani wuri.

"Kai! Tafi!" in ji Gali. "Yalla, ruh!"

Birin bai motsa ba. Can ya buɗe baki ya yi hamma, dogayen haƙora suka bayyana. Gali ya yi tsalle da baya, mazaunansa suka daki ƙunshin. Ƙunshi ya yi ɗan tunani a bakin barandar, sannan ya tafi. Ya daki dutse ya tashi sama, ya daki wani ya juya, yana ƙara kamar ana kiɗan ganga, har gajimare ya haɗiye shi. Birin ya leƙa, ya dubi Gali, ya yi tafiyarsa.

Gali ya zauna a bakin barandar. Ya tuna iƙama, ya tuna ginin da ya tsaya a linta, ya ga kansa yana sauka a filin jirgin Kano da jaka ɗaya surukai sun zo tarar manaja. Ƙwalla ta zubo masa, ta gaske, kuma babu wanda zai yi wa cika baki. Sanyi kuwa bai tausaya masa ba. Da ya ji yatsunsa sun fara mutuwa sai ya tuna ledar da ke ƙugunsa. Ya ɗaga hannuwa ya fara naɗe kansa daga hammata zuwa ƙasa. Nufinsa zagaye uku, amma hannu ya saba, bai farga ba sai da ya kai gwiwa kuma ya shafe bakin. Ɗumi ya samu. Tafiya ce ta gagara, sai ɗan taku kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa.

Sa'a biyu ya yi yana wannan taku, wani wurin da rarrafe. Amfanin da jinkirin ya yi masa shi ne ya samu lokacin gina labari, ya yi masa ginshiƙi, ya yi masa rufi.

Kwatsam itatuwa suka ƙare, gajimare ya yaye. Sai ga fili shimfiɗe, ciyawa kore shar, furanni rawaya da shuɗi, rana tana haska raɓa. Abin gwanin kyau. Sai dai a gefen filin ga kwalta baƙa wuluk, ga motoci jere, ga iyalai sun baza darduma, ga mai gasa masara, yara suna buga ƙwallo. Gali ya tsaya yana kallon titin nan kamar ya zage shi.

Yara ne suka fara ganinsa. Suka bar ƙwallo suka biyo shi, manya suka ɗaga wayoyi. Ya hangi su Abu Turki zaune kusa da mota, ya nufe su yana tsalle-tsalle, jama'a na binsa. Bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya ɗaga kai sama, ya ɗaga hannuwa, ya fara tun kafin ya tsaya.

"Ustazu, fassara! Birai sittin! Wallahi sai da na ƙirga. Suka kewaye ni, na kama babbansu na maka da ƙasa, na kama na biyu. Amma sun yi yawa. Suka yayyaga ƙunshin a gabana, suka farfasa finjalai ɗaya bayan ɗaya, suka shanye ƙwai. Sarkinsu ma ya ɗauki rigar Baba ya saka, ya zuge zif, ya hau bishiya yana yi mini gwalo!"

"Ya ce," in ji Zayyanu, "kuma alhakin yana wuyansa." Ya fassara tsaf, bai rage biri ko ɗaya ba.

Abu Turki ya kurɓi gahawa. Ya yi tambaya a hankali.

"Ya ce rigar wace iri ce?" in ji Zayyanu. "Ko irin wannan ce?"

Sai a lokacin Gali ya sauke kai. Abu Turki yana sanye da rigarsa ta sanyi, zif a zuge har wuya. A hannunsa finjali. A ƙarƙashinsa darduma, a bayansa matashi. Gefe guda Mamane ya durƙusa gaban risho yana soya ƙwai.

"Ina kwance ƙarƙashin icce," in ji Mamane bai ko ɗago ba, "sai na ji abu shina zuwa. Ya tsallake garken awaki, ya tsaya gaban mota. Na ce wagga hannun Gali ne. Na saka shi a baya na biyo kwalta, na yanke ledar da almakashin mota. Abin da nike son gaya maka ke nan tun da sahe."

Wani yaro ya fara dariya, uwarsa ta kama, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka, har mai masara. Abu Turki ya yi ta dariya har ya kwanta a kan matashi yana share hawaye. Gali ya so ya zauna, leda ta hana. Ya so ya gudu, leda ta hana. Haka ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar mutane yana sheƙi, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Da dattijon ya samu numfashi sai ya ɗaga finjalin ya yi magana mai tsawo, wannan karon Zayyanu bai ce alhaki yana wuyan kowa ba.

"Ya ce a matsayin jagora, ko masallacin unguwa ba zai bi ka ba. Amma finjali goma sha biyu sun faɗo daga dutse babu wanda ya tsage, ƙwai talatin babu wanda ya fashe, riguna a bushe, ƙanƙara ko narkewa ba ta yi ba. Ya ce yana da siton tangaran da kofuna a Sulai, kullum sai an yi masa ɓari a hanya. Ran Lahadi ka kawo fasfo."

Mamane ya goge wuƙar lemo, ya zo ya fara farke Gali daga hammata, yana cewa ya tsaya cik, kaya mai fashewa ne.

Bidiyon ya riga su isa Riyad. Juma'ar da ta biyo, Gali ya shiga gidan Hajiya Kyauta ba a jiyo shi daga titi ba, ya samu kowa ya naɗe kwanon tuwonsa da leda yana jiransa. Yana cikin haɗiye wannan sai saƙon murya ya shigo daga Gwammaja, garin sauri kuma ya danna shi a fili.

"Baban Safiyya," muryar Balaraba ce, tana danne dariya, "mun gani. Yara suna tambaya wai kai ne tsarabar da za a aiko. Ka kwantar da hankalinka, ni tun zuwanka na farko na san manaja ba ya dawowa da kanta a tafin hannu. An ce sun ba ka takarda, alhamdu lillahi. Ka riƙe aikinka, ka bar wa birai dutsensu."

Dariyar ɗakin ta lafa. Gali ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Can labule ya motsa, aka turo wani kwali. Hajiya Kyauta ta ce kofuna ne da turare za ta aika wa 'yarta Kano, ko zai duba mata. Gali ya tashi. Ya sake jera kayan, ya cusa tsumma a kowane saƙo, ya kama leda. Yana zagaye na goma murya ta fara dawo masa. A na ashirin ƙirji ya buɗe.

"Ku dai ku kalla," ya ce. "Daga Sulai har Batha, duk Riyad babu mai naɗi irin nawa!"

Ya dakata yana jiran a ƙaryata shi. Zayyanu ya ce wannan kam ingantacciya ce, shi shaida ne. Mamane ya gyaɗa kai. Gali ya juya wajen labule, don bai saba ya faɗi magana ta wuce lafiya ba.

"Gaskiya ka faɗa, ɗan nan," in ji Hajiya Kyauta. "Amma tun ɗazu nake neman wuƙata ta yanka kuɓewa. A kan kwalin nan na ajiye ta."